Kazar da Aka Yanka Mini a Tudun Gawo

Tun da na dawo daga ƙasar Kudan, duk wanda ya kawo ɗinki shagona sai ya ajiye yadin ya ja benci, wai in ba shi labari. Wani ma maɓalli ɗaya ne ya tsinke masa, amma sai ya zauna har la'asar. Na gaji da maimaitawa, ga allura tana ta soka ni saboda surutu, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa. Amma in faɗa muku tun yanzu, rabin abin da ya faru ban gane shi ba sai da ya wuce, sauran rabin kuma har yau ina juya shi.

Sunana Garba, tela ne ni a nan Ikara, ina kuma taɓa noman rani. Abin da ya tayar da ni babban yaron gidana ne. Shi ne ɗan farina, kuma a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah, ni ma haka na bi. In ina nemansa sai in ce "kai", ko in ce wa ƙannensa su kira mini yayansu. Uwarsa Hadiza kuwa ko a gaban likita ba ta iya furta sunan.

To wannan yaro, da ya isa a ce yana da nasa iyalin, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Da injin ban ruwana ya fara, muka rufe maganar a cikin gida. Daga nan batirin sola na masallaci, daga nan awakin mutane. Ya shiga gidan yari ya fito, ya sake komawa, har na daina ƙirgawa. Na ƙarshen nan injin niƙan maƙwabcinmu Malam Hudu ya kwance ya sayar da kayan cikinsa. Da lokacin fitowarsa ya matso, mai unguwa ya kira ni ya ce jama'a sun yanke shawara, in ya fito kada ya kwana a unguwar. Matasa kuma sun ce in suka gan shi, wannan karon ba za su wahalar da 'yan sanda ba. Na san abin da suke nufi. Na koma gida na tarar Hadiza ta riga ta ji, tana zaune ta ɗora tukunya ba ta hura wuta ba.

Wani kofur na 'yan sanda da nake yi wa gyaran kaki shi ya ce mini akwai wani ƙauye a gundumar Taba ta ƙasar Kudan, Tudun Gawo, inda dagaci da liman da 'yan sintiri da 'yan sanda da masu sana'a suka haɗa kai a kan irin waɗannan yara masu shiga da fita. Na tambaye shi yadda suke yi, ya ce shi ma bai gama ganewa ba aka canza masa wurin aiki. Ya ce in fara biyawa Makarfi in nemi wata Hajiya Asabe, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ita ta san su. Washegari na ƙulle barkono a leda, na ɗauki wata hula da na ɗinka don tsaraba, na nufi tasha.

Motar da na samu tsohuwar Golf ce, aka cusa mu biyu a kujerar gaba. Duk sanda direba zai canza giya sai ya ce, "Baba, ɗaga ƙafa." Haka na yi ta ɗaga ƙafa har Makarfi. A hanya motar ta yi zafi, muka tsaya yana ta yage ledojin ruwa da haƙori yana ɗura mata. Muna jira sai hira ta koma kan ɓarayi, don wani fasinja an sace masa babur. Wani mai jar hula ya ce shi dai a wurinsa maganin ɓarawo taya da fetur. Kowa ya ce haka ne. Aka juyo gare ni a matsayin dattijo, na ce Allah dai ya shirya. Tsoro ne ya kama ni.

A Makarfi na tarar ranar kasuwa ce, rake ko'ina, manyan motoci ana ta lodi. Mutanen Makarfi ba su yarda akwai wanda haƙoransa suka gaji ba. Duk wanda na tambaya hanya sai ya miƙo mini gaɓa guda kafin ya nuna mini, na isa ofishin rungume da rake kamar mai talla. Na ce ina neman Hajiya Asabe, aka kai ni wurin wata mata mai fara'a, na zauna na zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe, tana cewa "Allah sarki", sannan ta ce ita ta allurar rigakafi ce, waccan Asaben tana ɗakin ƙarshe. Na kwashi rakena na fita.

Asabe ta biyu doguwa ce, ba ta da yawan dariya. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, yaron nan mene ne naka?"

A ce in buɗe baki a gaban baƙuwar mace in ce ɗana ne, ɗan fari kuma? Na ce, "Yaron unguwarmu ne."

"Ya taɓa yi maka ɓarna kai da kanka?"

"Ai da injin ban ruwana ya fara."

Sai na ga ta ajiye biro ta gyara zama tana kallona. "Kuma kai ne ka taso tun daga Ikara saboda shi? Ba wanda ya roƙe ka?"

Na ce ba wanda ya roƙe ni.

"Kai, Malam, Allah ya saka maka da alheri. Irinku muke nema ba ma samu."

Ta ɗauki waya ta kira limamin Tudun Gawo, ina ji tana cewa, "Ga wani bawan Allah nan zuwa, wanda aka yi wa ne, da ƙafarsa ya taso. Ku karɓe shi hannu biyu." Ta rako ni har bakin titi, ta tsayar mini da ɗan acaɓa da kanta. Ni dai na hau ina mamaki. Ban ga abin yabo a mutumin da aka sace wa injin ban ruwa ba.

Mun bar kwalta mun shiga hanyar gona, rake ya yi mana katanga dama da hagu. Can sai ga igiya an gitta a hanya, 'yan sintiri suna zaune a gindin mangwaro. Ɗan acaɓan ya ce nan ce iyaka, daga nan ƙasar Kudan ce. Ni da na ɗauka sai za a shiga Nijar ake tsayar da mutum. Babbansu ya taso ya tambaye ni daga ina, wurin wa, me ke cikin ledar. Ya shinshina barkonon ya yi atishawa, ya laluba aljihuna ya zaro almakashi, wanda ni kaina ban san na taho da shi ba. Na ce tela ne ni, kuma maganar wani yaro ɓarawo ce ta kawo ni wurin liman.

Sai ya dubi ɗan acaɓan sama da ƙasa ya ce, "Shi ne wannan?"

Ɗan acaɓan ya ce, "Ni? Ni ne ɓarawon? Baba, sauka. Sauka don Allah."

Na yi rantsuwa ba shi ba ne, babban 'yan sintirin ya ba da haƙuri, amma ina, ya juya babur ɗinsa ya yi tafiyarsa. Da suka kira liman a waya suka ji ko ni wane ne, sai abin ya juya. Aka mayar mini da almakashi da hannu biyu, aka ba ni ruwa, babbansu ya ce, "Ashe kai ne mai zuciyar nan." Suka tare wani amalanken shanu mai ɗauke da rake suka ɗora ni a sama. Haka na shiga Tudun Gawo, a kan tulin rake, ina riƙe da hulata kada ta faɗi.

Liman Malam Isiyaku tsoho ne siriri, gidansu gidan karatu ne tun kakanni, zaurensa cike da littattafai a cikin gafaka. Ya fito da kansa ya tarbe ni, ya kama hannuna bai saki ba har muka gama gaisuwa, gaisuwar da ta bi ta kan iyali da gona da sanyi da mutanen Ikara kaf. Ya shimfiɗa mini buzunsa, na ƙi, ya rantse sai na zauna. Aka sauke ni a ɗakin baƙi mai sabuwar tabarma da gidan sauro. Kafin magariba na ji kukan kaza a cikin gida, bayan sallah sai ga ta a kwano, ta sha mai, ga tuwon masara miyar kuɓewa.

A Ikara, in baƙo ya zo maganar ɓarawo, ruwa ma sai an ga dama. A nan kuwa mutane suka yi ta shigowa suna durƙusawa suna gaishe ni. Wani tsoho ya ce in sa shi a addu'a. Wata mata ta aiko da ƙwai. Na fara tunanin ko sun ɗauke ni wani babban malami ne, ko kuwa Hajiya Asabe ta ce musu daga gwamnati nake. Na ce wa liman, "Allah gafarta Malam, ni fa tela ne kawai." Ya ce, "Mun sani. Ci kazarka." Na ci, don yunwa nake ji, amma hankalina bai kwanta ba.

Da safe aka kawo koko. Su ba sa sa sukari, mazarƙwaila suke fasawa a ciki, har ya yi ja. Aka biyo da dafaffen dankali da faten tsaki wanda yakuwa ta yi wa yawa. Mu a Ikara komai sai mun zuba barkono, su kuma komai sai sun sa zaƙi. Na ciro barkonon tsarabata na ba liman, ya yi godiya, ya aika da shi cikin gida da alamar ba a san ranar da za a taɓa shi ba.

Daga nan ya ce mu je in ga abin da ido. Muka fita bayan gari inda ake yin mazarƙwaila. Doki yana ta zagaye yana juya ƙarfen da ke matse rake, ruwan yana zuba, gefe guda ana dafa shi a manyan kasake, ƙamshi ya cika wurin. Mai wurin, Alhaji Bala, wani ƙaƙƙarfa ne mai babbar murya. Ya nuna mini wani mutum da ke cusa rake a bakin ƙarfen ya ce, "Ka ga wancan? Tanimu ke nan. Shi ya sace mini doki."

Na ce, "Wane dokin?"

"Wannan da ke zagayawa. A kasuwar wani gari aka kamo shi da shi."

Na dubi dokin, na dubi Tanimu, Tanimu ya ɗago hannu ya gaishe ni. Na ce a raina ko dai mutanen nan zaƙi ya taɓa musu kai. Na ce, "Alhaji, kuma shi ka ba dokin ya kula da shi?"

Ya yi dariya. "To wa zan ba? Duk garin nan ba wanda ya san darajar dokin nan kamar ni da shi."

Liman ne ya yi mini bayani muna tsaye, Alhaji Bala yana katse shi. Ya ce da can in yaro ya fito daga gidan yari, ba mai ba shi aiki, ba mai zama kusa da shi a masallaci, kuma ko kaza ta ɓata shi za a fara kamawa. To me zai yi in ba ya koma ba? Sai suka zauna da dagaci suka raba nauyin. 'Yan sanda suka yarda in an yi sata ba za su ɗauke shi ba sai sun tambayi inda yake a lokacin. 'Yan sintiri suka yarda ba duka. In yana shan ƙwaya, Hajiya Asabe da abokiyar aikinta ta nan Kudan su nema masa magani. Duk Juma'a bayan an sauko, a zauna a zauren dagaci da shi yaron a ji yadda mako ya wuce. Amma ginshiƙin abin shi ne ubangida, wanda zai riƙe shi a wurin sana'a, kuma ubangidan nan sun fi so ya zama wanda ya yi wa satar.

Na ce, "Wanda ya yi wa satar? Ba danginsa ba?"

Alhaji Bala ya ce, "Dangi? Dangi ai rufawa suke yi. Ni kuwa da ya cuta, idona a kansa yake ko ina sallah, Allah ya yafe mini. Kuma ran da na tashi a zaure na ce Tanimu ya gyaru, wa zai ƙaryata ni? Ubansa in ya faɗa, cewa za a yi ɗansa ne."

Na tambaya ko kullum abin yana ci. Liman ya ce a'a. Akwai wanda ya gudu Kano, akwai wanda ya sake yi wa ubangidan nasa sata aka mayar da shi. Ya ce wahalar ma ba yaran ba ce, samun wanda aka cuta ya yarda ne, sai a yi ta sintiri gidansa ana roƙo. "Shi ya sa da muka ji ka taso da kanka, ba wanda ya roƙe ka, muka ce wannan sai a yanka masa kaza."

A nan ne na gane. Sun ɗauka ni ne mutumin da aka yi wa sata ya zo neman riƙon ɓarawonsa. Kazar jiya ta dawo ta tsaya mini a wuya. Na buɗe baki in gyara maganar, sai ga ɗan aike wai dagaci yana jira.

Zauren dagaci ya cika. Ga babban 'yan sintirin da ya kama almakashina, ga wani sajan na 'yan sanda, ga dattawa. Aka zaunar da ni kusa da dagaci. Ya yi mini yabo har na rasa inda zan sa fuskata, ya ce za su aika wa mai unguwarmu bayani, in ana so ma su zo Ikara da kansu. Sannan ya ce, "To Malam Garba, yaya sunan yaron?"

Na kama gyaran hulata.

Ya ɗauka ban ji ba, ya sake tambaya da ƙarfi. Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ne dai... babban yaron." Sajan ya ce, "Babban yaron wa?" Na dubi tabarma. Mutumin da ya taso daga Ikara saboda yaro, a ce bai san sunansa ba? Na ji an fara ƙus-ƙus a baya.

Liman ne ya sunkuyo ya dube ni da kyau, ya ce a hankali, "Malam Garba, ɗan fari ne ko?"

Na ɗaga kai alamar haka ne.

Sai Alhaji Bala ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Uban ne! Wallahi uban ne! Liman, an ci maka kaza a banza!" Kowa ya kama dariya, har dagaci. Tsohon da ya ce in sa shi a addu'a ya tashi ya fita yana girgiza kai. Na ce ni ban yi ƙarya ba, injin ban ruwan nawa ne kuma shi ya ɗauka. Dagaci ya ce, "Ka kai ƙara?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka ji abin da Alhaji Bala yake faɗa."

Kunya ta ishe ni, haushi kuma ya biyo baya. Na ce to tunda uba ba shi da amfani a tsarinku, bari in kama hanya. Dagaci ya ce in zauna, uba yana da aiki, guda ɗaya ne, kuma shi ne wanda iyaye suka fi gudu. Uba zai je da ƙafarsa wurin wanda aka cuta ya roƙe shi, ba aike ba. Ranar fitowa kuma shi zai tsaya a ƙofar gidan yari, ya kira ɗansa da sunansa, ya biyo da shi ta tsakiyar kasuwa da rana, ya damƙa shi ga ubangidan a gaban mutane, ya ce wannan ɗana ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba. Mu ba ma yi. Ubana bai yi ba."

Liman ya ce, "Ni ma ba na kiran nawa, Malam Garba. Alkunya abu ne mai kyau, ba mu ce a bari ba. Amma duba. Ɗan sanda ya kira sunan yaron nan. Alƙali ya kira. Gandiroba yana kira kullum. 'Yan unguwa suna kira, su haɗa da ɓarawo. Duk wanda ya kira sunansa, don laifi ya kira. Matasan da ke jiransa kuma suna ganin ba shi da mai shi. Ba haka ba ne?"

Ban yarda ba, ban kuma iya musu ba. Na ba dagaci hular da na ɗinka, ta yi masa kaɗan, ya ɗora ta haka nan a tsakiyar kai. Liman ya rako ni da ƙullin mazarƙwaila, na ce a yafe mini kazar, ya ce ai baƙo ya ci, ba a bin baƙo kaza. A wurin igiya 'yan sintiri suka gaishe ni da "Baban yaro, a sauka lafiya." Duk hanyar dawowa ina lissafin abin a raina, yana ƙin haɗuwa. Na je neman wanda zai gyara mini yaro, an ce in je in roƙi mutumin da ya fi kowa son a kore shi.

Mai unguwarmu da na kai masa bayani ya saurara baki buɗe. Ya ce shi bai taɓa jin irin wannan ba, amma ya yi magana da dagacin a waya, kuma kofur ya ce zai shigo ciki. Mai unguwar ya ce in Malam Hudu ya yarda, shi zai tare matasa. In bai yarda ba, maganar farko tana nan.

Na yi ta zagaye kafin in shiga wurin Malam Hudu. Na same shi ya yi fari fat da gari, injin da ya sha wahalar gyarawa yana ta ruri. Na yi masa bayani da ihu saboda ƙara. Ya ce, "Ni in ɗauki ɓarawona aiki? Garba, me suka ba ka ka sha a can?" Na ce koko da mazarƙwaila. Bai yi dariya ba. Ya ci gaba da zuba masara kamar ba na wurin, ni kuma na ƙi tafiya. Can ya ce, "Duk ɓarnar da yaron nan ya yi a unguwar nan, ƙaninka kake aikowa ya ba da haƙuri. Yau ne na fara ganin ƙafarka." Ya kakkaɓe hannu. "Ban ce na yarda ba. Ka kawo shi in ga idonsa."

Ranar fitowa na sa babbar rigata na je na tsaya a ƙofar gidan yari da hantsi. Ban taɓa zuwa wurin ba, ko ziyara ƙannensa nake turawa. Aka buɗe ƙaramar ƙofa ya fito, ya rame, yana riƙe da leda. Bai duba ko'ina ba, don bai sa ran kowa ba. Ya sunkuyar da kai ya kama hanyar bayan gari, wadda ba ta bi ta unguwa.

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Yana ta nisa. Na sake gwadawa.

"Sulaimanu."

Bai waiwayo ba. Ya ji, don na ga kafaɗarsa ta motsa, amma bai san wannan sunan da wannan muryar ba. Na ɗaga murya har gandiroban ƙofa ya juyo.

"Sulaimanu!"

Ya tsaya. Ya juyo ya gan ni, ya duba bayana ko akwai wani, ya sake dubana.

"Baba, ni kake kira?"

Na ce, "Kai. Zo mu tafi."

Muka biyo ta tsakiyar kasuwa, kafaɗa da kafaɗa. Masu tumatir suka daina ciniki, wasu matasa suka taso daga kan baburansu suka biyo mu a baya, ga mai unguwa da kofur can gefe suna tafe kamar ba tare muke ba. Da muka isa, Malam Hudu ya kashe injin.

Ya ce, "Garba, wa ka kawo mini?"

Ya san ko wane ne, tun yana cikin zanen goyo ya san shi. Na ce, yadda na bayan za su ji, "Sulaimanu ne. Ɗana ne."

Malam Hudu ya daɗe yana kallonsa. Sulaimanu yana kallon ƙasa, hawaye na ɗiga a kan ledar da ke hannunsa. Sannan Malam Hudu ya tura masa wani kwanon dawa da ƙafa.

"Ajiye ledar nan ka zuba. In ka taɓa mini ko ƙusa ɗaya, ni da kaina zan mayar da kai." Ya juyo ga matasan da suka cika ƙofar. "Ku kuma niƙa kuka kawo? In ba niƙa ba ne ku ba ni wuri, yarona zai yi aiki."

Ya tayar da injin.